Yadda Ake Tada Tsohon Babur Mai Bugu Biyu a Gida

A Garwa da Marwa da Ngaundere, har Kuseri da Njamena, gidaje da yawa akwai tsohon babur a jingine a zaure ko bayan ɗaki: Suzuki A100, ko AX100, ko Yamaha YB100, taya ta sace, tsatsa ta ci salansa, kaji sun mai da sirdin wurin kwana. Irinsu ne suka yi aikin kilando, wato acaɓa, kafin baburan Sin masu bugu huɗu su cika titi. Injinsu ƙarami ne, bai wuce sisi (cc) 100 ba, ba shi da bawul irin na bugu huɗu, ba shi da sarƙar taimin, don haka mai haƙuri zai iya tada shi a tsakar gida ba tare da ya taɓa zama a gareji ba.

Abu ɗaya ya kamata ka gane game da wannan injin kafin ka taɓa sifana. Idan fistin ya hau, yana zuƙo fetur da iska zuwa cikin injin ta ƙasa, wurin da karanshaf, wato sandar da fistin ke juyawa, take. Idan ya sauko, sai ya matse su ya tura su sama ta ramukan jikin silinda. Ba a zuba baƙin mai a wurin karanshaf. Man 2T, wato man injin bugu biyu, da ke shiga tare da fetur shi kaɗai ke shafa fistin da boris, wato zoben ƙarfen da karanshaf ke juyawa a cikinsa. Saboda haka rayuwarsa ta rataya ne a kan abu biyu: kada iska ta sato hanya ta shiga ta inda ba a yi mata ƙofa ba, kuma kada man 2T ya yanke. Mafi yawan waɗanda ke tada irin wannan babur suna kashe kuɗinsu a fenti da sitika, su bar sil, wato zoben robar da ke hana iska shiga ta gefen karanshaf, na shekara 30 a ciki, bayan wata guda injin ya kame. Kai ka juya tsarin: sil da mai da matatar iska tukuna, fenti a ƙarshe.

Kayan aiki

Sifanoni masu lamba 8, 10, 12, 14, 17 da 19, da sifanar buji, wato fulogi. Filaya ta gama-gari da mai dogon baki. Gudumar ƙarfe ƙarama da ta roba. In babu ta roba, ɗan guntun katako ya isa, ka ɗora shi ka buga a kansa. Sukundireba mai faɗi da mai gicciye, sannan sukundireban duka, wanda ake bugawa da guduma ya juya da kansa. Wannan na ƙarshen kada ka ce za ka yi ba shi. Sukurorin injin Japan kansu ya ɗan bambanta da na sukundireban kasuwa, kuma sun shekara da shekaru a ɗaure. Da hannu kawai cinye musu kai za ka yi.

Sai abin zare maganeto, wato zagayayyen ƙarfen nan mai maganaɗisu da ke ba da wuta. A yawancin ƙananan Yamaha da Suzuki zarensa milimita 27 ne, kuma hagu ake juya shi ya shiga. Idan ba ka samu na saye ba, ka aro wajen makanike. Ka nemi ma'aunin tsaga, wato siraran ƙarafan nan masu lamba a jiki, da sirinji na mililita 20 daga kantin magani don auna mai.

Kayan wanki da shafawa: kananzir, tsohon buroshin haƙori, tsummoki masu yawa, giris, samfefa mai laushi, man 2T na kirki a robarsa da hatiminta, da man giya. Ka tanadi gwangwanayen madara ko na tumatir da yawa don zuba sukurori, kowane sashe da gwangwaninsa. Ka shimfiɗa buhu ko tsohuwar tabarma a inda za ka yi aiki, domin ƙaramin kilif idan ya faɗa cikin yashi ya tafi ke nan. Wayarka ma kayan aiki ce: duk abin da za ka kwance, ɗauki hotonsa tukuna.

Kayan canji kuwa, kada ka saya sai ka buɗe ka gani. Yawancinsu daga Najeriya suke shigowa, ta Mubi da Yola da Maiduguri, kuma na AX100 sun fi saukin samu saboda kamfanin Jincheng na Sin ya daɗe yana ƙera irinsa. Kullum ka tafi kasuwa da tsohon a hannu ka gwada su gefe da gefe.

1. Takardu kafin komai

Ka duba lambar da ke jikin firam, a wuyan babur, ta dace da wadda ke cikin kat-giriz, wato takardar rajistar babur. In babur ɗin na gida ne, gado ko kyauta, a rubuta a sa hannu gaban shaidu. In saye ne, a yi takardar ciniki. Babur marar takarda, ko wanda aka goge wa lamba, ka bar shi ko da kyauta ne, sai dai in kayan jikinsa kake so. Ba daɗi ka gama wahalar watanni jandarma su karɓe shi a shingen farko.

2. Wanki da binciken farko

Wanke shi da kananzir da buroshi, ka bar shi ya bushe, sannan ka zagaya shi a tsanake. Duba firam a wuya da wurin matakin ƙafa da inda injin ke ɗaure, nan ne yake tsagewa idan ya sha lodi.

Cire buji, ka zuba man 2T kamar cokali ɗaya a ramin, ka danna kik da hannu a hankali. Idan ya juya, madalla. Idan ya ƙi, kada ka hau shi da ƙafa. Giyar kik za ka karya ko ka lanƙwasa kwanrod, ƙarfen da ke haɗa fistin da karanshaf. Cika ramin da man dizal ko kananzir gauraye da ɗan mai, ka bar shi kwana uku zuwa mako, kana ƙarawa. Bayan nan ka sa giya ta sama ka riƙa jijjiga babur ɗin gaba da baya. In har ya ƙi, sai ka cire kan silinda ka ɗora katako mai faɗin fistin ka riƙa bugawa sannu-sannu.

In yana juyawa, toshe ramin buji da babban yatsa, wani ya taka kik. Injin mai lafiya zai ture yatsan da ƙarfi, ka ji fus. Idan da ma'aunin matsi, abin da ya kai bar 8 yana da kyau, abin da ya gaza 6 kuwa sai an buɗe.

3. Tanki

Leƙa ciki da tocila. Tsohon fetur yana zama danƙo mai wari, ƙasa kuma tsatsa. Cire makullin mai, ka toshe wurin, ka zuba kananzir da notuna kamar cikin hannu, ka girgiza har hannunka ya gaji, ka juye. Ka ƙirga notunan da ka zuba don ka san duk sun fito. Tsatsar da ta rage, ruwan tsami ke cinye ta: binega idan akwai, in babu ka jiƙa tsamiya da kauri ka tace ka cika tankin, ya kwana biyu. Juye, ka ɗauraye da ruwan kanwa don ya kashe tsamin, ka sake ɗaurayewa da ruwa, ka shanya a rana baki a buɗe. Da ya bushe ka zuba ɗan fetur mai 2T ka juya shi ya shafe ko'ina, in ba haka ba kafin gobe sabuwar tsatsa ta fito.

Idan tankin ya huje, kada kowa ya kusantar da wuta gare shi sai an wanke shi sarai an cika shi da ruwa har kusa da wurin da za a liƙe. Tankin da babu fetur a ciki sai tururinsa ya fi cikakke haɗari.

Canja tiyon mai, ka sa ƙaramar matata a tsakani.

4. Kafireta

A AX100 tana bayan silinda a fili. A YB100 da A100 kuwa tana ɓoye cikin murfin injin na dama, domin su ta gefen karanshaf suke shan mai, ta wani faifai mai juyawa. Mai neman ta a baya sai ya yi ta dube-dube.

Kafin ka kwance sukurun iska, juya shi ciki a hankali kana ƙirga zagaye har ya tsaya, ka rubuta. Kada ka matse shi, bakinsa siriri ne. Buɗe kwanon ƙasa, ka cire fulot, wato abin da ke yawo a kan fetur, da allurarsa da jet biyu, wato 'yan sukurori masu rami da fetur ke bi, babba da ƙarami. Jiƙa su a fetur mai tsabta. Ƙaramin jet shi ne mai toshewa, kuma shi ya sa babur ke tashi da cok amma ya mutu da zarar an sake shi. Ɗaga shi ga hasken rana. In ba ka ga zagayayyen haske ba, ka zaro sili ɗaya na tagulla daga tsohuwar wayar lantarki ka bi ramin da shi. Ban da allurar ɗinki, ban da wayar ƙarfe. Jet tagulla ne, ƙarfe zai faɗaɗa shi, daga nan babur ya koma shan mai kamar ba gobe. Hura duk ramukan jikin kafireta da famfon keke.

Girgiza fulot kusa da kunne. In ka ji ruwa a ciki, ya huje, a canja. Kilif ɗin doguwar allura ka mayar da shi tsagar da ka same shi, in ba ka sani ba ka sa a ta tsakiya. Sukurun iska ka mayar yadda ka ƙirga, ko zagaye ɗaya da rabi daga rufe.

Robar da ke haɗa kafireta da injin, ka lanƙwasa ta ka duba. Ko tsaga ɗaya ka gani, canja ta.

5. Wuta

Sa sabon buji a hularsa, ka jingina jikinsa da ƙarfen injin, a taka kik. Shuɗiyar wuta mai ƙara ake so. Ja ko rawaya mai rauni ba za ta tada injin ba idan matsi ya hau kanta. Tsagar buji ta kasance milimita 0.6 zuwa 0.7. Wajen saye ka lura da tsawon zare: a lambar NGK, harafin H gajere ne, milimita 12.7, E kuwa dogo ne, milimita 19. Ka sa dogo a wurin gajere, fistin zai same shi.

In babu wuta, fara da mai sauƙi: makulli da wayar kashewa, sai hular buji, sai inda kwayil ke taɓa firam, a goge tsatsar wurin. Bayan nan ka buɗe murfin hagu. Tsofaffin suna da kwantak, wato 'yan ƙarafa biyu da ke buɗewa da rufewa su tada wuta, da kondensa a bayan maganeto, kana ganinsu ta tagogin jikinsa. Goge fuskar kwantak da samfefa mai laushi, ka bi da takarda mai tsabta har ta daina fitowa da baƙi. Juya maganeto har kwantak ya buɗe iyakarsa, ka saita tsagar tsakanin milimita 0.3 da 0.4.

Lokacin tashin wuta kuwa, ga hanyar da ba ta bukatar na'ura. Sa siririyar takarda tsakanin bakin kwantak, ka riƙe ta da ɗan ja, ka juya maganeto a hankali ta inda injin ke juyawa. Daidai inda takardar ta suɓuce, nan wuta ke tashi, kuma a nan ya kamata alamar jikin maganeto ta yi daidai da ta jikin injin. A irin waɗannan injuna fistin yana saura kamar milimita 2 ya kai ƙololuwa. Idan wutar ta yi gaggawa, kik zai riƙa dukan ƙafarka, injin ya yi zafi, har fistin ya iya hujewa. Idan kwantak na tartsatsi da yawa yana ƙonewa, kondensa ce ta mutu. Waɗanda aka yi daga baya da CDI, wato akwatin lantarki da ya maye gurbin kwantak, ba su da wannan saiti. In kwayil da wayoyi lafiya, akwatin ake canjawa.

6. Silinda da fistin

Kafin ka buɗe, cire salansa ka leƙa ta ramin hayaƙi da tocila. Za ka ga gefen fistin da ringi. Idan santsi ne, ringi na motsi, matsi kuma da kyau, kana iya barinsa. Idan ka ga zane-zane a tsaye, ya taɓa kamewa.

Kwance notunan kan silinda a gicciye, kaɗan-kaɗan. Ɗaga silinda a miƙe. Da ta ɗan ɗagu, cusa tsumma mai tsabta a bakin injin kewaye da kwanrod, tun kafin ka taɓa kilif ɗin fistin. Wanda ya tsallake wannan, kilif ya faɗa ciki, aikin yini ya zame masa na mako.

Kama kwanrod ka ja sama ka danna ƙasa. Motsi gefe da gefe kaɗan ba laifi. Sama da ƙasa kuwa ko ƙanƙani bai kamata ka ji ba; in akwai, sai an raba injin an kai karanshaf wurin masu injin matsa ƙarfe.

Bi cikin silinda da farce. Zanen da farce bai kama ba, samfefa mai laushi da mai za su gyara shi, kana gogawa a karkace, ba sama da ƙasa ba. Wanda farce ya maƙale a ciki, ko ka ji gaɓa a can sama inda ringi ke tsayawa, sai an faɗaɗa ramin an sa fistin na gaba. Girman yana tafiya 0.25, 0.50, 0.75, 1.00, kuma ana buga lambar a kan fistin. Kankare baƙin ka karanta don ka san inda aka tsaya. Ka sayi fistin tukuna ka kai shi tare da silinda wurin masu injin faɗaɗa rami, domin a kansa ake auna ramin. Idan aka dawo maka da ita, ka duba bakin ramukan ciki. Dole a ɗan kashe musu kaifi da ƙaramar zarto, in ba haka ba za su kama ringi su karya. Masu injin da yawa ba sa yi sai ka ce. Sannan ka wanke ta da ruwan zafi da sabulu har farin tsumma ya fito fari, ka shafe ta da mai nan take.

Sabon ringi, tura shi shi kaɗai cikin silinda da kan fistin don ya zauna daidai, ka auna tsagar bakinsa. Milimita 0.15 zuwa 0.35 ya yi. In ya matse, goge bakin kaɗan. Ƙarfe yana buɗewa da zafi, ringin da ba shi da wurin miƙewa kuwa kama silinda yake yi.

Wajen mayarwa abu uku ake kuskurewa. Kibiyar da ke kan fistin tana kallon salansa. A cikin kowace tsagar ringi akwai ɗan ƙaramin ƙarfe a tsaye, bakin ringi a kansa yake haɗuwa. In bai zauna a nan ba silinda ba za ta shiga ba, in ka tilasta ta ringi ya karye. Kilif kuma sabo ake sawa, a tabbatar ya faɗa cikin tsagarsa, bakinsa na kallon sama ko ƙasa. Shafa 2T a komai. Matse ringi da yatsu, ka sauke silinda a miƙe ba tare da murɗawa ba.

Gaskit na ƙasa in babu na saye, ka yanka daga takardar gaskit mai kaurin tsohon. Na sama in tagulla ne zalla, ƙona shi ya yi ja ka tsoma a ruwa, zai yi laushi ya sake aiki. Ɗaure notuna a gicciye, zagaye uku, kana ƙarawa a hankali, da gajeriyar sifana. Zaren da ke cikin alminiyam ba ya son ƙarfin tuwo.

7. Sil na karanshaf

Nan ne ainihin aikin, kuma nan ne aka fi tsallakewa domin ba a ganinsa daga waje. Sil biyu ne, ɗaya a kowane gefen karanshaf. Roba ce, zafin bazarar Marwa ko Njamena da ke haura digiri 40 kuwa ba ya barin roba ta tsufa da mutunci. Babur ɗin da ya yi shekaru a ajiye, ka ɗauka sil ɗinsa sun bushe ko da ba ka ga alama ba.

Na gefen maganeto idan ya lalace, iska yake shigarwa. Alamarsa: injin ya riƙa ɗaga murya da kansa, ka saki totur ya ƙi sauka da wuri, buji ya fito fari fat. Mai shi sai ya ji daɗi wai babur ya ƙara gudu, alhali fetur ya yi kaɗan, mai ya yi kaɗan, zafi ya yi yawa; ƙarshenta ya kame a kan hanya. Na gefen kuloci idan ya lalace, man giya yake zuƙowa: farin hayaƙi mai kauri da wari daban, buji na jiƙewa, man giya na raguwa ba tare da ka ga ɗigo a ƙasa ba.

Don canja na hagu, wato na gefen maganeto, kwance notin maganeto, ka ɗaura abin zarewa, ka juya har ya ɓalle. Kada ka doki maganeto da guduma, kada ka sa ƙarfe ka ɓanɓare shi. Maganaɗisunsa zai raunana, bakin karanshaf ya lanƙwashe. Akwai ɗan ƙarfe mai siffar rabin wata a jikin sandar, adana shi, shi ke riƙe lokacin wuta. Yi alama a farantin kwayil da jikin injin kafin ka cire shi. Yanzu da sandar ta fito fili, kama ta ka girgiza sama da ƙasa. In ta yi motsi ko ka ji gurnani idan tana juyawa, boris ya tafi, sabon sil ba zai daɗe a kansa ba. Raba injin gida biyu aiki ne da nake ba sabon hannu shawara ya yi shi a gaban wanda ya saba, ya zauna ya kalla. In an zo haɗawa, kada a shafa silikon na gama-gari a tsakani, fetur na narkar da shi.

In boris lafiya, huda tsohon sil da ƙaramin sukuru ka ja shi da filaya, kana kiyaye kada ka karce sandar. Shafa giris a leɓen sabon, gefen da ke da zoben waya ya kalli ciki, ka tura shi daidai da guntun bututu mai faɗinsa. Na dama sai ka juye man giya, ka buɗe murfi, ka cire kuloci da giyar da ke kan karanshaf. Tunda ka buɗe, duba faifan kuloci, ka jiƙa sababbi a mai kafin ka sa. Yawan man giya galibi an rubuta shi a jikin murfin kusa da wurin zubawa.

8. Famfon 2T ko gauraya a tanki

Yamaha na kiran nata tsarin Autolube, Suzuki na kiran nata CCI. Famfo ne ƙarami da ke aika mai gwargwadon yadda ka murɗa totur. Mutane da yawa suna cire shi su koma gauraya a tanki, wai ba su yarda da shi ba. A ganina famfon ba kasafai yake mutuwa ba. Tiyonsa ne ke tsagewa, ko iska ta shiga, ko kebur ya tsinke. Canja tiyo, wanke tankin mai, cika shi, ka kwance sukurun fitar da iska har mai ya fito ba kumfa, ka saita kebur alamomin jikin famfon su haɗu.

A Suzuki ka yi hattara sosai. A yawancin injunan CCI akwai tiyon da ke kai mai kai tsaye ga boris na karanshaf. In ka toshe famfon ka koma gauraya, wannan boris ɗin zai iya zama a bushe.

In dole sai gauraya, mililita 20 a lita ɗaya shi ne kashi 2 cikin 100, mililita 30 kashi 3. Da man kirki, kashi 3 ya dace da tsohon inji a zafin nan namu. Auna da sirinji, ka gauraya a jarka ka girgiza kafin ka zuba. Murfin roba ba ma'auni ba ne. Baƙin man mota kuma, balle wanda aka juye daga wani inji, toshe ringi da salansa yake yi.

Fetur ɗin zuwa-zuwa na bakin titi, kowa na sha, ba sai an ɓoye ba. Ka tace shi da kyalle mai tsabta, ka ɗiga kaɗan a tafin hannu: na kirki yana bushewa nan da nan, wanda aka haɗa da kananzir yana barin maiƙo. Irin wannan yana sa injin ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani idan ka ja shi a hawa, kuma fistin ne ke biyan kuɗin.

9. Salansa da matatar iska

Salansar bugu biyu tana cika da baƙin danƙo har babur ya kasa numfashi: yana tashi lafiya amma ba ya ja. Kwance sukurun da ke wutsiya ka zaro bututun ciki, ka ƙona shi a wuta har ya daina hayaƙi, ka kakkaɓe. Jikin salansar ka toshe gefe ɗaya ka cika da ruwan soda ta masu sabulu, ya kwana. Soda ake zubawa a ruwa, ba ruwa a soda ba, da safar hannu, nesa da yara. Kada ta taɓa alminiyam, cinye shi take yi. Ramin hayaƙi na jikin silinda ma ka kankare shi da katako ko tagulla.

Matatar iska soso ce. Tsohuwar za ta marmashe a hannunka. Yanka sabuwa, ka jiƙa ta da mai ka matse har ta daina ɗiga. Busasshen soso ba ya tare ƙurar hunturu. Duk ƙurar da ta wuce, sai ta bi ta kan boris da kwanrod kafin ta kai silinda. A lokacin hunturu ka wanke ta duk mako biyu. A YB100 da A100 ka tabbatar murfin da ke rufe kafireta da robobin da kebur ke bi ta ciki sun zauna daram.

10. Ƙafafu, birki da fenti

Tayar da aka yi daga shekarar 2000 zuwa yau tana da lamba huɗu a gefe, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Tsohuwa mai tsage-tsage a canja ko da zanenta bai cinye ba. Ƙwanƙwasa sifok ɗaya-ɗaya da sifana, wanda ya yi muryar da ta mutu ya saki. Buɗe birki, ka goge ƙurar da jiƙaƙƙen tsumma, kada ka hura da baki domin tsofaffin takalman birki na iya ƙunsar asbestos, wani sinadari mai cutar da huhu. In fatar ta fara ɓanɓarewa daga ƙarfenta, canja. Tana iya kuɓucewa ta kulle taya ana cikin tafiya. Sarƙa da siforaket biyu tare ake canja su, a bar wa sarƙar sassauci milimita 20 zuwa 30, rufaffen bakin kilif ɗinta ya kalli inda take tafiya. Ɗiga mai a cikin kowane kebur. Lantarkin yawancinsu bolt 6 ne, ka duba kafin ka sayi batir da ƙwan fitila.

Fenti sai babur ya yi tafiya ka gamsu. Ka fesa da sassafe kafin iska ta tashi, ka yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura, shafi siriri sau uku.

11. Tashin farko da horarwa

Ko famfon na aiki, tankin farko ka sa masa 2T kashi 2 cikin 100 don kariya. Buɗe mai, ja cok, kada ka murɗa totur, taka kik. Zai yi hayaƙi sosai saboda man da ka shafa, ba komai. Ka kalli tiyon famfon ka ga mai na tafiya. Bar shi ya yi ɗumi, ka kashe, ya huce sarai, ka sake bin notunan kan silinda.

Da ya yi zafi karo na biyu, juya sukurun iska kaɗan ciki, kaɗan waje, ka tsaya inda muryar ta fi tashi, sannan ka sauke ta da sukurun totur. Don gwada satar iska, fesa ɗan kananzir a mahaɗar kafireta da gindin silinda yana aiki. In murya ta canja, akwai ɓaraka a wurin.

Kilomita 500 na farko kada ka wuce rabin totur, kada ka ɗauki kowa a baya, kada ka riƙe gudu ɗaya na dogon lokaci, kuma ka guji tsakar rana. Yatsunka biyu su zauna a kan kuloci. In ka ji injin ya yi nauyi farat ɗaya ko muryarsa ta shaƙe, kama kuloci nan take ka gangara gefe, ka bar shi ya huce. A doguwar gangara, irin ta dutsen da ake saukowa daga Ngaundere zuwa Garwa, kada ka rufe totur ka bar giya ta riƙe babur, musamman in gauraya kake yi, domin injin na gudu ne ba mai shiga. Yi amfani da birki, kana ɗan murɗa totur lokaci-lokaci.

Bayan tafiyar kilomita 10 ko 15, cire buji ka duba bakinsa. Ruwan ƙasa-ƙasa shi ake nema. Baƙi mai laima, mai ya yi yawa ko matatar iska ta toshe ko wuta ta yi rauni. Fari ko toka-toka, kada ka ƙara ko kilomita ɗaya: koma kan robar kafireta da sil na hagu, in duk lafiya ka sauke kilif ɗin allura tsaga ɗaya don ta ɗaga, ka sake gwadawa. In ka cika kilomita 500, juye man giya ka zuba sabo, ka sake saita sarƙa da kwantak.